Sabuwar Bindigar Farauta da Aibin Masana'anta: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin masu sayen sabuwar bindigar farauta katakon ƙota da ƙyallin ƙarfe suke fara dubawa, alhali aibin da ke kashe mutum a ciki yake, inda ido bai kai ba. Tambayoyin da ke ƙasa sun fi shafar bindigar raifil mai sakata, wato wadda ake ja da tura sakatarta da hannu bayan kowane harbi, amma da yawa daga cikin amsoshin sun hau kan sauran bindigogin farauta.

Ashe bindigar da ba a taɓa harbawa ba ma tana zuwa da aibi?

Tana zuwa. Injina ne ke yanka sassanta dubu-dubu, mutane su harhaɗa su, kuma bakin injin yana dakushewa, mai harhaɗawa yana gajiya. A wasu wuraren tazarar da ke tsakanin lafiyayyar bindiga da mai haɗari ba ta kai kaurin gashin kai biyu ba. Mafi yawan sababbin bindigogi lafiyarsu ƙalau, wannan gaskiya ne. Sai dai kasancewarta sabuwa ba shaida ba ce cewa wani ya zauna ya bincike ta ita kaɗai. Wanda zai yi wannan binciken, a mafi yawan lokuta, shi ne wanda ya saya.

Wane aibi ne ya fi kowane haɗari?

Bindiga ta tashi ba tare da an taɓa kunama ba. Sauran aibobi sukan yi gargaɗi: sakata ta yi tauri, kwanson harsashi ya kumbura, harsashi ya ƙi shiga. Wannan kuwa shiru yake yi har ranar da zai auku.

Ga yadda abin ke aiki. Idan an ɗana bindiga, akwai allurar da ke dukan gindin harsashi, sifirin na matse da ita, wata 'yar ƙugiya kuma tana riƙe da ita kada ta tafi. Kunama ce ke tokare ƙugiyar. Wurin da ƙugiya da kunama suka haɗu ɗan ƙanƙani ne ƙwarai, bai kai milimita ɗaya ba. In aka goge shi fiye da kima a masana'anta, ko datti ya shiga, ko mai ya daskare a wurin, to kunama ba za ta koma mazauninta daidai ba. A lokacin makullin kariya, wanda aka fi sani da sefti, shi kaɗai ke riƙe da komai. Da ka zare shi sai ta tashi. Wata kuma wajen rufe sakata take tashi, wata in ta bugi ƙasa.

Shari'ar da ta fi shahara a kan wannan ita ce ta Remington Model 700, wadda ta shigo kasuwa a 1962 kuma aka sayar da miliyoyinta. Kunamarta ƙirar injiniyan kamfanin ce, Mike Walker, kuma tana da wani ɗan sashe da ba a manne shi da jikin kunamar ba, sifirin ne kawai ke danne shi. Masu ƙara sun yi shekaru suna cewa wannan sashen yana iya gocewa ya bar ƙugiya ba tokari. Abin da ya ƙara muni shi ne, kafin 1982 ba a iya buɗe sakatar bindigar sai an zare sefti, ma'ana mutum ba zai iya cire harsashi ba sai ya bi ta daidai matakin da ake zargi. A shekarar 2000 wani yaro ɗan shekara tara ya rasu a jihar Montana ta Amurka lokacin da mahaifiyarsa ke ƙoƙarin sauke harsasan irin wannan bindiga, kuma iyayensa sun tsaya a kan cewa ba a taɓa kunama ba. Tashar CNBC ta watsa bincike a kan lamarin a 2010. Kamfanin bai taɓa amsa cewa ƙirar tana da aibi ba, yana ɗora laifin a kan rashin kula da bindiga da kuma masu taɓa sukurorin kunama. Duk da haka, a 2017 wata kotun tarayya a Amurka ta amince da sulhun da ya shafi bindigogi kusan miliyan 7.5, inda kamfanin ya yarda ya sauya kunamar mafi yawansu kyauta.

Abin da ya fi dacewa da mai sabuwar bindiga a labarin shi ne kashi na biyu. Kunamar da kamfanin ya fito da ita don maye gurbin tsohuwar, X-Mark Pro, ita ma sai da aka yi mata kiranye a 2014, wato kamfanin ya nemi a mayar masa da bindigogin don gyara. An kira duk Model 700 da Model Seven masu wannan kunama da aka ƙera daga 1 ga Mayu 2006 zuwa 9 ga Afrilu 2014, saboda gam ɗin da ake sa wa sukurori wajen harhaɗawa ya yi yawa a wasu, har yana iya sa su tashi da kansu. A nan laifin ba na ƙira ba ne, ɗigon gam ne kawai.

To, in na kauce wa wannan kamfani na tsira ke nan?

A'a. Thompson/Center ya yi kiranyen bindigarsa Venture a 2011 saboda matsalar ƙugiya. Winchester ya yi wa bindigarsa XPR kiranye domin motsa sefti yana iya sa wasu su tashi. A 2004 kamfanin Sako na Finland, wanda ke ƙera bindigogin Tikka kuma ake yabon aikinsa, ya janye wasu bindigogi masu bututun ƙarfen da ba ya tsatsa bayan an sami waɗanda suka fashe. Suna da tsada suna rage yiwuwar aibi, ba sa kawar da ita. A ganina ma kamfanin da ya fito fili ya yi kiranye da wuri ya fi cancantar amana a kan wanda ba a taɓa jin ya amsa komai ba.

Ba akwai hukumar da ke gwada bindigogi kafin a sayar ba?

Ya danganta da inda aka ƙera ta ko inda aka sayar da ita.

A ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CIP, wadda ta samo asali a 1914, doka ce kowace bindiga ta bi ta gidan gwaji kafin ta shiga kasuwa. Jamus, Italiya, Faransa, Beljiyam, Birtaniya da Finland duk suna ciki. Ana harba harsasai na musamman da ƙarfinsu ya ɗara na kasuwa da kashi 25 cikin ɗari, a auna, sannan a buga hatimi a jikin ƙarfen. Harsashin .308 Winchester, alal misali, iyakar matsinsa a ma'aunin CIP bar 4,150 ne (bar ma'aunin matsi ne), don haka na gwajin ya haura bar 5,000. Al'adar ta tsufa: gidan gwaji na Landan ya samo asali tun 1637, na Birmingham kuma 1813.

Amurka ba ta cikin wannan yarjejeniya. Tana da SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai da aka kafa a 1926, wadda ke fitar da ma'aunai, amma bin su ganin dama ne. Hukumar kare masu sayen kaya ta ƙasar, wadda aka kafa a 1972, tana iya janye abin wasan yara daga kasuwa, amma majalisa ta hana ta taɓa bindiga da harsashi. Don haka duk wani kiranyen bindiga a can kamfani ne ya ga dama ya yi, ko shari'a ta matsa masa.

Ko hatimin gwajin ma a san iyakarsa. Yana shaida cewa bututu da sakata sun jure matsi a ranar gwaji. Bai ce kunama za ta yi aiki daidai bayan ta sha sanyi da ƙura ba.

Me zan duba kafin harbi na farko?

Ka fara da buɗe sakata ka tabbatar babu harsashi, da ido da yatsa, ko da yanzu ka yage kwalin. Sannan ka zare sakatar gaba ɗaya ka leƙa bututun daga baya, ka fuskanci haske. Kana neman giris, ɓarɓashin ƙarfe, guntun soso na kwali, tsatsa, ko wani zobe mai duhu da ke nuna kumburi. Masana'anta kan cika bututu da man hana tsatsa saboda doguwar ajiya, kuma wannan man ba na harbi ba ne. A goge shi tas. Mazaunin harsashi musamman ya bushe, domin kwanso yana buƙatar ya kama bangon mazaunin lokacin harbi. In akwai mai, sai ya zame ya tura ƙarfin duka kan sakata.

Ka karanta sunan harsashin da aka buga a jikin bututu, ka gwama da na kwali da na rasit. Ka duba lambar bindiga ita ma ta yi daidai da ta takardu, ka rubuta ta a wani wuri daban. Ka duba bakin bututu, inda harsashi ke fita: ya zama da'ira mai santsi ba tare da tabo ba. Ka duba ƙota wajen wuyanta da bayan ƙarfen, nan ne tsagewa ke fara bayyana. Sukurorin da suka haɗa ƙarfe da ƙota su kasance a ɗaure gwargwadon ƙarfin da littafin bindigar ya faɗa, ba iya ƙarfin hannunka ba.

Littafin nan kuma a karanta shi. Na san yawanci a kwali ake barin sa.

Zan iya gwada sefti da kunama da kaina?

Za ka iya, muddin babu harsashi a bindigar kuma babu shi a ɗakin ma. Bakinta na kallon inda ko ta tashi ba za ta cuci kowa ba.

Ka ɗana ta, ka sa sefti, ka ja kunama da ɗan ƙarfi. Bai kamata allura ta tafi ba. Ka ɗauke yatsa, sannan ka zare sefti. In ka ji ƙas, to allura ta tafi, kuma da akwai harsashi da ta tashi. Ka maimaita sau da yawa, har da ajiye seftin a tsakiya, tsakanin buɗe da rufe, ka taɓa kunama, sannan ka zare shi. Bayan haka ka rufe sakata da ƙarfi sau goma ko fiye, kana lura ko allura na bin ta. Daga ƙarshe ka ɗana, sefti a buɗe, ka ɗan buga gindin ƙota a kan darduma ko katifa. Kar ka maka ta da ƙasa, ɗan bugu ya isa.

Idan ta faɗi ko da gwaji ɗaya sau ɗaya, magana ta ƙare, ba ta shiga daji. Idan ta ci duka, ka sami kwanciyar hankali amma ba tabbas ba, domin irin wannan aibi yakan ɓuya sau ɗari ya fito a na ɗari da ɗaya. Shi ya sa ba a ɗora rai a kan sefti. Inda bakin bindiga ke kallo shi ne kariyar da ba ta lalacewa.

Na ji ana maganar tazarar da ke tsakanin sakata da harsashi. Mene ne haɗarinta?

Idan aka rufe sakata, dole harsashi ya zauna daram tsakanin fuskar sakatar da kafaɗar mazauninsa. In mazaunin ya yi zurfi fiye da kima, kwanso zai miƙe lokacin harbi don ya cike gurbin, har ya iya tsinkewa kusa da gindi. Iskar da ke ciki kuwa ba ta wasa ba ce: a ma'aunin SAAMI, harsashin .30-06 yana kaiwa matsin fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i, .270 Winchester kuma 65,000, kuma fuskarka tana 'yan santimitoci kaɗan daga wurin. In kuma mazaunin ya yi gajarta, sakata za ta rufu da ƙyar ko ta ƙi rufuwa, matsi kuma ya hau.

Ido ba ya ganin wannan. Maƙerin bindiga yana da 'yan ƙarafuna masu siffar harsashi na awo: akwai wanda dole sakata ta rufu a kansa, akwai wanda bai kamata ta rufu ba. Aikin 'yan mintuna ne. Sabuwar bindigar da ta rufu a kan na biyun, a mayar da ita.

Bayan harbi na farko, me zan lura da shi?

Kwanso. Kar ka yar da shi, shi ne zai gaya maka abin da ya faru a ciki. Ka sa tabarau da abin toshe kunne, ka yi amfani da harsashin kamfani ba na ɗurin gida ba, ka loda ɗaya tak, ka harba, ka ɗauki kwanson ka juya shi a haske.

Cibiyar da ke gindinsa, inda allura ta doka, ta kasance da ɗan rami mai kyau a tsakiya ko kusa da tsakiya. In ta huje, ko ta baje ta shafe, ko ta turo waje, ko baƙin hayaƙi ya zagaye ta, akwai matsala. Zobe mai haske kusa da gindin kwanso alama ce ta miƙewa. Tsagewa a wuya, kumburi a gefe ɗaya, ko ƙarce-ƙarce masu zurfi a jiki suna nuna ba a gyara mazaunin harsashi da kyau ba. In kuma sai da ka doki hannun sakata kafin ta buɗu, ka tsaya nan. Kar ka ce bari in ƙara ɗaya in gani.

Ta yaya zan bambance laifin bindiga da na harsashi?

Ka sauya harsashi zuwa na wani kamfani. In matsalar ta bi harsashin, nasa ne. In ta zauna, na bindiga ne. Wannan na ƙananan matsaloli ne kamar ƙin tashi, ban da alamun matsi da aka ambata a sama, waɗanda maƙeri ne zai duba su.

Abubuwa biyu suna buƙatar natsuwa. Idan ka ja kunama ka ji ƙas ba ta tashi ba, ka bar bakinta a kan abin hari na aƙalla daƙiƙa 30 kafin ka buɗe sakata, domin wani harsashin jinkiri yake yi. Idan kuma ta tashi da ƙara mai rauni, ko ba ka ji dukanta a kafaɗa yadda ka saba ba, ka zare sakata ka leƙa bututu. Mai yiwuwa ƙwayar harsashin ta maƙale a tsakiya, kuma harbi na biyu a kanta shi ke fasa bututu.

Sai kuskuren harsashi, wanda ake yawan ɗora wa masana'anta alhali ba laifinta ba ne. Shigar harsashi cikin mazauni ba ta nufin nata ne. Harsashin .308 yana iya shiga bindigar .270, ƙwayarsa kuwa ta fi ramin bututun kauri. Haka .300 Blackout yana iya shiga bindigar .223. Dukansu biyu sun tarwatsa bindigogi.

Ba ta harbi daidai saiti. Aibin masana'anta ne?

Sau da yawa ba shi ba ne. Madubin saiti da sukurorin mazauninsa su ne abin zargi na farko, sai sukurorin ƙota, sai harsashin da bai dace da ita ba, sai mai harbin. In an kawar da waɗannan duka kuma har yanzu harsasai na watsewa, ko suna huda takarda a kaikaice, a duba bakin bututu da kuma ko ƙota na danne bututun a gefe ɗaya. Wasu kamfanoni suna alkawarin harbi uku za su taru cikin kusan inci ɗaya a yadi 100. In naka ya yi wannan alkawari, kana da abin riƙewa.

Kunamar ta yi mini tauri. In sassauta ta da kaina?

Kar ka yi, sai dai in littafin bindigar ya nuna sukurun da aka yarda mai ita ya juya, da iyakar da zai tsaya. Sauran sukurorin, musamman waɗanda aka liƙe da fenti ko gam, su ne ke daidaita yawan kamun ƙugiya, kuma kwata ɗaya na juyi yana iya mayar da lafiyayyar bindiga mai tashi da kanta. Kunama mai nauyin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu ta wadatar da mafarauci. Mai laushi sosai ta masu gasa ce da ke zaune a kan tebur, ba ta mai tafiya cikin sarƙaƙiya da yatsu masu sanyi ba. Kuma da zarar ka fasa liƙin, ka zubar da garantinka, ka kuma ba kamfani amsar da zai bayar in wani abu ya faru.

Kar kuma a fesa mai cikin kunama. Yana kama ƙura, ya yi danƙo, ya daskare a sanyi.

Sakata tana gogawa, harsashi ba ya hawa da santsi. In damu?

Ɗan tauri a sabuwar sakata abu ne da aka saba, yakan tafi da amfani. Amma in ta fara cijewa ne bayan ka ɗora madubi, ka duba ko wani sukuru ya yi tsawo ya leƙo ciki. Bindigar da ba ta ciro kwanso ko ba ta ɗauko harsashi na biyu kuwa aibi ne na gaske, balle ga mai farautar dabbar da ke iya juyowa kansa.

Ta yaya zan san ko an yi wa tawa kiranye?

Ka shiga shafin intanet na kamfanin ka nemi sashen sanarwar kariya. Yawanci akwai gurbin da ake sa lambar bindiga. Ka cike katin rajistar garanti don su san inda za su same ka. Kar ka dogara da cewa mai sayarwa ya duba, domin bindiga takan yi shekaru a rumbu kafin a saye ta, ta zo maka sabuwa fil alhali tana cikin kiranyen da aka yi tuntuni. Wani lokaci akwai alamar ido: a kiranyen Remington na 2014, kunamar da abin ya shafa fuskarta santsi ce, tsohuwar kuwa mai layi-layi ce.

Na gano aibi. Me zan yi, kuma wa zan tunkara?

Ka daina harbi, ka sauke harsasai, ka zare sakata ka ajiye ta daban, ka rataya wa bindigar takarda don kada wani ya ɗauka. Ka ɗauki hotuna. Ka adana kwansunan da kwalin harsashin, saboda lambar rukunin da ke jikinsa. Ka rubuta wa mai sayarwa da kamfani abin da ya faru dalla-dalla, da kwanan wata da lambar bindiga, ka riƙe kwafi. Maganar waya ba ta zama shaida. Aika bindiga yana da dokokinsa a kowace ƙasa, don haka ka nemi umarnin kamfani ko wakilinsa kafin ka ɗaure kwali, kuma ba a haɗa ta da harsashi.

Idan ta dawo daga gyara, ka nemi takardar abin da aka sauya, ka sake duk gwaje-gwajen farko kamar yau ka saye ta. In wani ya ji rauni kuwa, kar ka tsaftace ta, kar ka kwance ta, kar kuma ka miƙa ta ga kamfani kafin ka sanar da hukuma ka ga lauya.

Ta tashi da kanta sau ɗaya, ba wanda ya ji rauni, kuma ba ta sake ba. In ci gaba da amfani da ita?

A'a. Mutane da yawa sukan shawo kan kansu cewa wataƙila yatsa ne ya taɓa, ko riga ce ta ja kunama, kuma yana yiwuwa hakan ne. Amma ba kai za ka yanke wannan hukunci ba, maƙerin da zai buɗe kunamar ya auna kamun ƙugiya ne zai yanke. Kar kuma ka sayar da ita ga wani ba tare da ka gaya masa ba. Ka kai rahoto ga kamfani ko da sun ce ba su ga komai ba, ka nemi su ba ka amsarsu a rubuce, domin daga tarin irin waɗannan rahotanni ne ake gane cewa aibin na rukuni ne, a yi kiranye.